Dogaran Jiki da Haddin Tawakkali

Wani dattijo a Unguwar Hajji, can wajen Ƙaraye da Rogo, ya shafe watanni yana tambayar malamai hukuncin alwalar mai yoyon fitsari, abin da fakihai ke kira salasul bauli, ya kuwa sami fatawa gamsasshiya. Amma da 'ya'yansa suka ce, "Baba, a daure a je asibiti," sai ya amsa cewa Ubangijin da ya halicci jiki ya sanya masa masu tsaro a ciki, shi kam ya dogara. Maganar nan ta daɗe a raina, domin rabinta gaskiya ce tsantsa.

Lalle masu tsaron suna nan. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani jinsi da likitoci suka yi wa laƙabi da harafin B, wanda ke tasowa a ɓargo, aikinsa kuwa ya shaida baƙon abu, ya ƙera masa makami daidai da siffarsa, kana ya riƙe kamanninsa shekara da shekaru, wanda shi ne babban sirrin allurar rigakafi. Mai tafakkuri a kan wannan hikima ba ya rasa tasbihi.

To, amma ciwon daji ɗan gida ne da ya yi tawaye, kuma idan ya tsiro a furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda dajinsa ya fi kowane daji kama mazan Nijeriya, sai al'amarin dogaran ya rikice. A 2010 masu bincike a San Diyego ta Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa, bayan an yanke wa ciwon sinadarin mazakutar da yake rayuwa a kansa, ƙwayoyin B kan kutsa cikinsa su zuba wani sinadari da ke farfaɗo da shi. A 2021 kuma wani binciken ya tarar cewa waɗanda suka balaga daga cikinsu, masu ƙera makamai, sun fi yawa a ciwon mazan da suke baƙar fata, kuma inda suka yawaita ciwon ya fi jinkirin dawowa bayan tiyata. Ashe dogarin da ya tsare ƙofa yau, gobe yana iya buɗe wa ɓarawo.

Imam Gazali, Allah ya jiƙansa, ya bayyana irin wannan a Ihya'u, inda ya lissafa fushi da sha'awa cikin rundunonin zuciya, masu yi mata hidima matuƙar hankali na riƙe da linzaminsu, masu halaka ta idan aka sake su. Abin da nake gani shi ne, garkuwar jiki sababi ce cikin asbabi, halitta ce mai rauni kamar maganin likita, don haka wanda ya jingina da ita ya ƙi asibiti, ga halitta ya dogara yana zaton ga Mahalicci ne. Ina kuma tsoron cewa sau da yawa kunya ce muke sanya wa rigar tawakkali, alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da matsayinsa, littattafai ya wallafa a kan ɗibbu.

Ba kowace wahalar fitsari ce daji ba. Galibi kumburin furostet ne na tsufa mai magani, sai dai awo ne kaɗai ke rarrabewa. Ya ɗan'uwana, in ka haura hamsin, ko fitsari ya fara tashinka sau da yawa cikin dare, nemi gwajin jinin da ake kira PSA, in an tura ka Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ka tafi, kada ka jira sai ciwon ya kai ga ƙashi.