Kazar da ta gurgunce dominmu: tunani a kan haƙƙin dabbar gwaji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga dukkan talikai, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ni ɗalibi ne a jami'a a Maraɗi, ina karatun ilimin halittu. A wannan zangon aka koya mana yadda ake gane ko wani abu guba ne kafin ya kai ga jikin mutum. Malaminmu ya nuna mana hoton wata kaza gurfane, idonta biyu, tana kallon hatsi a gabanta amma ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Ya ce an ɗura mata wani sinadari ne da ake sawa cikin man injin jiragen sama. Sai na tuna kajin kakata a ƙauyenmu cikin yankin Agye, waɗanda ba ta yarda ko yaro ya jefe su. Ran nan na zauna wazifa, harshena yana zikiri, zuciyata tana wurin kazar nan.

Ga yadda abin yake. Sojojin Amurka da na ƙawancen NATO suna aiki da wani mai dangin kananzir da ake kira JP-8, jirage da manyan motoci da injinan wuta duk suna iya shansa. Ban da shi akwai man shafe inji, da man da ake matsawa cikin bututu don ya motsa birki da fikafikan jirgi. Masu zuba waɗannan mayuka da makanikai suna shaƙar tiririnsu, suna jiƙa hannu a ciki kullum. Don a san abin da hakan zai yi musu, sai a rufe ɓeraye cikin akwati su shaƙi tiririn na makonni, ko a aske bayansu a riƙa shafa musu man, daga baya a kashe su a duba huhu da hanta da ƙoda. An daɗe ana irin wannan aiki a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohayo. Abin bai yi nisa da mu ba kamar yadda muke zato, tunda sai a 2024 sojojin Amurka suka bar sansaninsu na jirage a Agadas.

Ita kuwa kaza, dalilin zaɓenta daban ne. Akwai sinadarin da ake kira TOCP a taƙaice, wanda ake samu cikin wasu mayukan inji. Ba ya kayar da mutum nan take. Sai bayan mako ɗaya zuwa uku ƙafafu su fara mutuwa, sannan hannuwa. Ɓera ba ya nuna wannan ciwo a fili, amma babbar kaza tana nuna shi kusan yadda mutum yake yi. Saboda haka ake ɗura mata, a zuba mata ido kwana 21, sannan a kashe ta a duba jijiyoyinta.

Mai cewa a bar wannan gwaji gaba ɗaya, ya kamata ya ji labarin Miknas, birnin da ke maƙwabtaka da Fas a ƙasar Maroko. A 1959 wasu 'yan kasuwa suka sayi ragowar man injin jirgi da ya fito daga wani sansanin sojan saman Amurka a ƙasar, suka gauraya shi da man girki, suka sayar wa talakawa da arha. Mutum kusan 10,000 suka shanye, da yawansu har ƙarshen rayuwarsu ba su koma tafiya daidai ba. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, gubar ba baƙuwa ba ce. Tun 1930 ta gurgunta dubban mutane a Amurka ta cikin wani abin sha na citta da aka gurɓata da ita, kuma tun lokacin likitoci suka tabbatar da aikinta a jikin dabbobi, har da kaji. Ke nan dabbobin sun riga sun biya farashin wannan sani shekara 29 kafin Miknas, amma sanin bai kai kasuwar mai ba, kwaɗayi ya riga shi isa.

To, ga tambayar da ta hana ni natsuwa. Ko ya halatta mu azabtar da halittar da ba ta yi mana komai ba, don mu tsare jikinmu daga abin da mu da kanmu muka ƙera?

Allah Maɗaukaki ya sanar da mu a cikin Suratul An'am cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne irinmu. Ya zo a hadisi ingantacce cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, an kuma gafarta wa wani saboda karen da ya shayar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da abu mai rai wurin koyon harbi, ya hana yi wa dabba lalas a fuska, ya yi umurni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. An kuma ruwaito cewa ɗan tsuntsun da aka kashe don wasa zai kai ƙara ranar alƙiyama, hujjarsa ita ce ba don wani amfani aka kashe shi ba. A ɗaya gefen, Allah ya hore mana dabbobi, muna yanka su mu ci, muna ɗora musu kaya, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Malaman fiƙihu sun kafa cewa larura tana halatta abin da aka hana, suka kuma ɗaure wannan da sharaɗin kada a wuce gwargwadon larurar.

Da farko na so in fake da cewa ai wannan kayan yaƙi ne, babu larura a ciki. Da na sake dubawa sai na ga mai shaƙar tiririn yawanci saurayi ne sa'ana, makanike ko mai zuba mai, wanda bai yanke shawarar yaƙi da kowa ba, kuma huhunsa rai ne. Dangin sinadarin nan kuma yana cikin man jiragen fasinja, irin waɗanda alhazanmu ke hawa. Duk da haka ban iya mance cewa kazar ba ta da hannu a rigimar 'yan Adam ba. Wannan nauyi ne a kan masu hura wutar yaƙi, wanda ba kasafai ake lissafa shi cikin asarar yaƙi ba.

Na kai maganar ga muƙaddaminmu bayan zikirin Juma'a. Na ce, "Malam, halas ne ko haram?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mufti zai iya ce maka halas idan larura ta tabbata, kuma gaskiya ya faɗa. Amma fatawa ba ta ɗauke wa kazar zafi. Ka ɗauke shi bashi ne ka ci. Mai hankali ba ya cin bashin da ya fi buƙatarsa, kuma ba ya ɓarnatar da abin da ya ranto."

Na yi kwanaki ina juya maganar nan, sai na ga ta rabu gida biyu.

Na farko, kada a ci bashin da ya wuce buƙata. A nan masana da kansu sun yi tafiya mai nisa. A 1927 aka fito da ma'aunin LD50, wato a nemi yawan gubar da za ta kashe rabin dabbobin da aka ba. An kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a kansa, har ƙungiyar OECD ta soke tsohuwar hanyar yinsa a 2002, aka koma hanyoyin da ke cin dabbobi kaɗan. A 1959, shekarar Miknas ɗin nan, wasu masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a musanya dabba da wata hanya duk inda ya yiwu, a rage yawansu, a sauƙaƙe musu wahala. Duk wanda ya karanta babin larura zai gane waɗannan ukun. Kuma dabba ba kullum take faɗin gaskiya game da mu ba. Irin wannan mai yana lalata ƙodar namijin ɓera ta hanyar wani furotin da mutum ba ya da irinsa, ke nan ciwon ɓeran bai nuna abin da zai sami mutum ba. Wani gwajin ma ba ya buƙatar dabba ko ɗaya. A Tibiri, cikin yankin Gidan Rumji, ruwan famfon da aka fara sha a shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa. Auna ruwan a kwalba ya isa ya nuna haɗarin. Abin da ba a auna da wuri ba, jikin yara ne ya auna shi.

Na biyu kuwa, kada a ɓarnatar da abin da aka ranto, kuma nan ne maganar ta shigo gidajenmu. Ka bi hanyar Maraɗi zuwa Cadawa, Agye da Gazawa, ka ga kwalaben ruwa-ruwa jere a bakin titi, ka ga yaro yana zuƙo fetur da baki ta tiyo don ya cika wa ɗan kabu-kabu tanki. An san cewa ɗan abin da ya kuɓuce ya shiga huhu yana iya ƙona shi. Ka ga makanike ya yanke, ya tsiyaya man birki a kan ciwon. Ka ga jarkar da ta ɗauki man inji an ɗauraye ta an zuba man gyaɗa. A gidanmu da idona na ga an shafa wa jakinmu baƙin mai saboda ƙazuwa, ya yini yana birgima yana lasar jikinsa, kuma ni na riƙe masa igiya. Alhali an riga an shafa irin wannan baƙin mai a bayan ɓeraye, an ga yana haifar musu da ciwon daji a fata. Duk lokacin da muka yi haka bayan sani ya zo mana, mun mai da wahalar waɗannan dabbobi ta banza, mun kusantar da su ga hujjar ɗan tsuntsun nan.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Imam Izzuddini ɗan Abdussalami ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Ana ba da labarin Abu Yazid Albisɗami ya sayi iri a Hamadan, da ya isa gida ya tarar da tururuwa a ciki, sai ya koma ya mai da su inda ya ɗauko su. Ana kuma ba da labarin Shehu Ahmadu Rufa'i ya sami kare mai ƙazuwa da mutanen gari suka kora, ya yi masa rumfa, ya yi ta shafa masa mai yana ciyar da shi har ya warke. Shi ma mai ya shafa, mu ma mai muka shafa. Bambancin shi ne ya duba abin da zai amfani karen, mu kuwa muka ɗauki abin da ya fi kusa da hannunmu.

Ni dai ga abin da na ɗaure wa kaina. Idan karatu ya kai ni ga riƙe dabbar gwaji, zan tambaya ko akwai wata hanya, zan tambaya ko wani ya riga ya yi gwajin, zan ambaci sunan Allah, ba zan yi dariya a kanta ba, ba zan bar ta da ƙishirwa ba. Idan na je hutu gida kuwa, zan faɗa wa babana da ƙannena abin da na koya game da baƙin mai da tiyo da jarka, ko da za a ce boko ya hau mini kai. Kai ma ɗan'uwa, wanda ya ji wannan, ka kai shi ga makanike ɗaya ko makiyayi ɗaya a unguwarku.

Ya Allah ka sanya rahama a zukatanmu ga dukkan halittunka, ka amfanar da mu da abin da ka sanar da mu, ka yafe mana haƙƙin marasa baki da ke wuyanmu, albarkar Annabin rahama. Amin.