ZUMUNTA A ƘAFA TA KE: IN ANNOBA TA ZO FA?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, gaskiya ce kuwa. Wanda ba ya zuwa gaida mara lafiya, ba ya zuwa jana'iza, ba mu lissafta shi cikin mutanen kirki. Amma akwai lokacin da ƙafar da ta ke kai gaisuwa ita ce ta ke kai ciwo. A irin wannan lokaci, mene ne ya wajaba ga mutum? Wanda ya rufe ƙofarsa, ƙin ɗan'uwansa ya yi, ko kuwa ƙaunarsa? Bari mu duba labarin waɗansu mutane mazauna tsakiyar teku, gama wannan tambaya ta sha zuwa musu.

Samowa tsibirai ne cikin tekun Fasifik. Manyan su ne Upolu da Savai'i, babban birnin kuwa Apiya. Abincin ƙauye gwaza ne, da ayaba, da kwakwa, da kifi. Samari su kan gasa shi bisa duwatsu masu zafi, su rufe da ganye. Ɗakinsu na gargajiya ba shi da bango, sai ginshiƙai da jinka. A ƙauyuka da yawa, da magariba a kan buga ƙararrawa, kowa ya shiga gida domin addu'a tare da iyalinsa. Mutane ne masu riƙon zumunci ƙwarai.

Ran 7 ga Nuwamba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso Apiya daga Niyu Zilan, da masu ciwon mura a ciki. Wannan mura ce ta shigo Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekaran nan, ta bi hanyar jirgin ƙasa har arewa. Hukumar Niyu Zilan, wadda ta ke mulkin yammacin Samowa a lokacin, ta bar fasinjoji suka sauka. Cikin kamar wata biyu mutum wajen 8,500 suka mutu, watau fiye da mutum ɗaya cikin biyar. A waɗansu gidaje kowa ya kwanta, babu mai dafa abinci, har yunwa ta taimaki ciwo.

Gabashin Samowa kuwa yana hannun Amurka. Daga Apiya zuwa Pago Pago, babban garinsu, kamar mil 80 ne. Gwamnansu, John Poyer, ya tsare tashar jiragen ruwa. Hakiman ƙauyuka suka goyi bayansa, mutanensu suka yi ta gadin gaɓar teku, domin kada kwalekwale ya sauka a ɓoye. Ko mutum ɗaya bai mutu da murar a can ba.

Wani zai ce, "Ashe, ba mugunta ba ce? Mutanen hayin nan biyu harshensu ɗaya, suna auren juna. Ƙaƙa mutum zai ga jirgin danginsa, ya ce masa ya koma?" Kada mu rena wannan magana, gama tana da nauyi. Ba shakka masu gadin nan sun ji zafin abin a zuciyarsu. Amma mu lura da abu ɗaya. Poyer da ya rufe tasha ya aika da saƙo, ya ce a shirye ya ke ya ba da taimako. Kanar Robert Logan, mai mulki a Apiya, bai karɓa ba, har ya yanke maganar waya da Pago Pago. A shekara ta 2002 Firayim Minista ta Niyu Zilan, Helen Clark, ta zo Apiya ta roƙi gafarar mutanen Samowa sabo da kurakuran mulkin ƙasarta, har da wannan.

Daga nan mun ga, rufe ƙofa da buɗe ta ba su isa su nuna mana mai ƙauna ba. Sai mu tambaya, domin wa aka rufe, mene ne kuma mai rufewa ya yi bayan ya rufe?

Mutanen Samowa ba su manta da 1918 ba. Cikin shekarun 1920 aka kafa ƙungiyoyin mata a ƙauyuka domin tsabta da lafiyar jarirai, aikin sa kai, har yau kuwa suna nan. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta faɗa wa ƙasar, ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara. Ran 5 da 6 ga Disamba gwamnati ta rufe ofisoshi, ta ce kowa ya zauna gida. Gidan da akwai wanda ba a yi wa allura ba, aka ce su ɗaura jan ƙyalle a ƙofa. Ma'aikatan lafiya da masu sa kai suka bi gida gida.

Wannan jan ƙyalle yana da abin koya mana. Ɗaura shi shaida ce a gaban dukan ƙauye cewa gidan nan yana da bukata. Mu kan ji kunyar irin wannan. Sau nawa mu kan ɓoye yaro mai ƙuraje a ƙuryar ɗaki, mu ce zazzaɓi ne kawai? Wanda ya ɓoye ciwo mai yaɗuwa domin tsare mutuncinsa ya ci amanar maƙwabcinsa, ko da bai taɓa fita daga gida ba.

Bayan wata uku sai ga annobar korona. A watan Maris 2020 Samowa ta rufe iyakarta. Aka hana taro, har da taron sujada na ɗan lokaci, kowane gida ya yi tasa a ɗaki. Baƙi masu yawon buɗe ido suka daina zuwa. Da yawa cikin ma'aikatan masaukan baƙi suka koma ƙauye, suka kama noma da su, suna raba abin da suka samu da dangi. 'Yan'uwansu a Niyu Zilan da Ostareliya ba su iya zuwa ba, amma ba su fasa aiko da kuɗi ba. Waɗansu an binne iyayensu ba su nan. Ciwon bai yaɗu cikin ƙasar ba sai Maris 2022, sa'an nan kuwa an riga an yi wa yawancin manya allura. Ran 1 ga Agusta 2022 aka buɗe iyaka.

To, ga ma'auni uku da mu ke gani. Na fari, mai rufe ƙofa domin ƙauna yana shan wahalar rufewar shi ma, ba ya ɗora ta a kan talaka kaɗai. Na biyu, yana neman hanyar aika abin da ƙafarsa ba ta iya kaiwa: tuwo a ajiye a bakin zaure, ruwa, magani, gaisuwa ta waya. Na uku, yana shiri domin ranar buɗewa, in ta zo kuwa ya buɗe. Wanda ya rasa ukun nan, tsoro ne ya rufe masa ƙofa, kada ya sa masa sunan hikima. Wanda kuma ya ƙi rufewa domin kada a ce ba shi da zumunci, sunansa ya ke tsarewa, ran tsohuwar da zai gaisar kuwa yana cikin hatsari.

'Yan'uwa, annoba ba ta yi sallama da duniya ba. Tun yanzu da mu ke lafiya, bari kowane ɗayanmu ya lissafta gidajen unguwarsa. Wace gwauruwa ce ba ta da mai ɗebo mata ruwa? Wane tsoho ne ya ke kwana shi kaɗai? Wane yaro ne ba a kai shi allura ba? Mu san su da suna, mu raba su a tsakaninmu, domin ran da aka ce kowa ya zauna gida, kada a sami gidan da aka manta.