Shaidar Ɗan Kallo

Ya ku 'yan makaranta, in almuru ta yi a Jega ko Maiyama, samari suka taru wurin mai shayi, da wuya su watse ba su taɓo zancen fim ba. Wannan ya ce na jiya ya yi armashi, wancan ya ce shirme ne. A kan ɗauki wannan hira abin banza, mu kuwa ba mu ga haka ba. Wanda ya yabi fim ko ya kushe shi, shaida ya bayar, gama bisa maganarsa wani zai kashe kuɗinsa da darensa, wani kuma ya ƙi aikin da mutane suka sha wahala kansa. Ai ɗan Aliero ba ya taya buhun albasa sai ya kwance bakinsa ya tona.

A 1939 Turawa suka kafa ofishin shirya majigi a Landan, motoci suna yawo da shi gari gari. Zamanin nan da tafinta a ke kallo, shi ke gaya wa jama'a ma'anar abin da idonsu ke gani. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, da harshenmu a ke wasan, tafinta ya huta. Amma waɗansunmu sun naɗa wani sabo, watau mai bakin majalisa. Sai ya yanke hukunci, sa'an nan su ce su ma haka suka gani. Har akwai mai zagin fim ɗin da bai kalla ba, in ka tambaye shi yadda labarin ya ƙare, sai ya waiwayi na kusa da shi.