Idan an sauya faya-fayai duka, ajiyar ita ce dai ta farko?

Akwatin ajiya na gida, wanda aka fi sani da NAS, ƙaramar kwamfuta ce mai gurabe biyu ko huɗu ko fiye, inda ake zura faya-fayan ajiya domin wayoyi da kwamfutocin gida su riƙa tara hotuna da takardu wuri guda. Idan wuri ya ƙure ko faifai ya tsufa, akan sauya su ɗaya bayan ɗaya har ya zama babu na asali ko guda. A nan tambaya ke tasowa: tunda duk ƙarfen da ke ɗauke da bayanan ya sauya, da wace hujja ake cewa ajiyar ita ce dai ta farko?

Tambayar ta daɗe a falsafa. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka yi saɓani kan ko jirgin shi ne na da. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa zancen sarƙaƙiya: idan wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake harhaɗa su, wanne ne jirgin gaskiya?

Akwatin ajiya yana fuskantar wannan a aikace. Tsarin da yake aiki da shi, RAID, ya samu sunansa ne daga aikin David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda aka wallafa a 1988. A RAID 1, faifai biyu suna ɗauke da abu iri ɗaya sak. A RAID 5, wanda ke buƙatar aƙalla uku, ana rarraba bayanan tare da wani lissafi da ke ba da damar sake gina abin da ke kan faifai guda idan ya mutu. RAID 6 yana jure mutuwar biyu. Faya-fayai huɗu masu terabait 4 a RAID 5 suna ba da terabait 12. Idan za a mayar da su masu terabait 8, ba za a ga 24 ba sai an sauya na ƙarshe, domin tsarin yana auna kowa da mafi ƙanƙanta.

Ana cire faifai ɗaya, a sa sabo, a jira akwatin ya gama sake ginawa, abin da kan ci sa'o'i da yawa, wani lokaci kwanaki. A wannan tsakanin RAID 5 ba shi da kariya ko kaɗan, kuma ana karanta sauran faya-fayan daga farko har ƙarshe, aikin da kan tona raunin da ya ɓuya. Shi ya sa ake fara kwafe komai zuwa wani wuri, a duba rahoton lafiyar faya-fayai na SMART, a tabbatar da lambar wanda za a cire don kada a zare lafiyayye, a kuma tanadi batir saboda ɗaukewar wuta.

Daga nan amsa take fitowa. Abin da aka ajiye jerin lambobi ne a wani tsari, kuma ƙarfen matsuguni ne kawai. Ajiyar tana zama ita ce muddin miƙawar daga tsohon faifai zuwa sabo ba ta yanke ba, kuma akwai hanyar tabbatar da cewa ba a samu canji ba. Tsare-tsare irin su ZFS da Btrfs suna riƙe da lambar shaida ga kowane gungun bayanai, su riƙa gwada ta lokaci-lokaci don gano ɓarnar da ido ba ya gani.

Malaman hadisi sun daɗe da wannan fahimta. Ingancin ruwaya a wurinsu ya rataya ne kan saduwar isnadi da amincin masu ruwaya da kiyayewarsu. Sun kuma san cewa yawan hanyoyi ba ya ƙara ƙarfi idan duk suna komawa ga mutum ɗaya mai rauni. Haka RAID yake: idan aka goge fayil bisa kuskure, ko mugun shiri ya kulle shi, nan take ɓarnar za ta bi dukkan faya-fayan. Gobara ko ɓarawo ma akwatin suke ɗauka gaba ɗaya. Wannan ne tushen shawarar nan ta kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida.

Tambayar Hobbes ma tana da amsa a nan. Faifan da aka zare daga RAID 1 yana ɗauke da cikakken kwafi, don haka a lokacin zarewar duka biyun ajiyar ce. Sai an rubuta sabon abu a akwatin sannan suke rabuwa, tsohon ya tsaya inda aka bar shi. Amma sirrin iyali da ke kansa yana nan daram, saboda haka ba a sayar da shi ko a kyautar sai an shafe shi sarai ko an lalata shi.

A fiƙihu, mai riƙe da ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma yana biya idan ya yi sakaci. Mutuwar faifai ƙaddara ce da ba a zargin kowa a kanta. Zare faifai na biyu kafin na farko ya gama ginuwa, ko fara aikin babu kwafi a gefe, sakaci ne, kuma wanda aka damƙa wa hotuna da takardun wasu shi ke ɗaukar alhakinsa.