Inda Ƙashi Ya Sadu Da Ƙashi

Karatu: Afisawa 4:11-16

Dafa gwiwarka, ka lanƙwasa ƙafar, ka sāke miƙe ta. A ƙarƙashin tafin hannunka, kan ƙashin cinya yana mirginawa bisa ƙashin ƙwauri, yana kuma zamewa a lokaci guda. Da mirginawa kaɗai yake yi, da ya goce daga mazauninsa. Ƙasusuwa 206 ne a jikin baligi, amma ba wanda zai kai ka ko'ina shi kaɗai. A gaɓa ake samun motsi.

Me ya hana su cinye juna? Allah ya lulluɓe bakin kowane ƙashi da guringuntsi mai santsi, ya kuma sa wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai a tsakani. Tambayi ɗan kabu-kabu a nan Sakkwato abin da ke samun inji idan baƙin mai ya ƙare. Haka gaɓa take idan guringuntsi ya zaizaye: ƙashi ya gogi ƙashi, durƙuso ya gagara, har a dangana da likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ga abin lura: guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan nan yake samun abincinsa, kuma sai an motsa yake shiga yana fita, kamar soso da ake matsawa. Gaɓar da ta daɗe a cikin ɗauri kuwa takan sandare.

A karatunmu na yau, Manzo Bulus ya kwatanta ikkilisiya da jiki wanda gaɓoɓi suka haɗa, Almasihu ne kai. A majami'armu akwai Bahaushe, akwai mutumin Zuru, akwai Ibo da Bayarabe. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma wataƙila tun da aka faɗa maka baƙar magana a taron kwamiti ka daina zuwa zumunta, ka koma kujerar baya, ana yin albarka ka fice. Kana cewa kare kanka kake yi. Ɗan'uwa, sandarewa kake yi. Haƙuri da gafara ba sa girma a inda ba wanda ke taɓa ka. Ruhu Mai Tsarki yana zuba mansa ne a daidai wurin da ake gugar juna.

Abin yi yau: Wane ne kake kauce wa gaisuwarsa? Kira shi kafin rana ta faɗi. Kada ka jira shi ya fara.

Addu'a: Ya Uba, ka ga inda na taurare. Ka zubo man Ruhunka tsakanina da ɗan'uwana. Ka taɓa kowace gwiwa da kowane ƙugu mai ciwo, ka warkar. A cikin sunan Yesu, Amin.