In ka san na biyu za ka zo, me ya kai ka tsere?

A ƙasashen Beljik da Holand, in sanyi ya kama, ana yin wani irin tseren keke da ake kira siklokuros. Ba bisa kwalta ake yin shi ba. Ana shata hanya mai tsawon kilomita 3 ko kusa da haka, cikin laka da rairayi da tudu da gangare, mahaya su yi ta kewaya ta har wajen awa guda. Inda keke ya kasa wucewa sai mutum ya sauka, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga da ƙafa. A gefen hanya akwai wurin da makanikai ke tsaye da wani keke wankakke, don wanda laka ta cika wa nasa ya canza.

A wanga wasa akwai mutum guda da ya gagari kowa, wani ɗan Holand mai suna Mathieu van der Poel. Ya fara cin gasar duniya a 2015 yana ɗan shekara 20. Ya sake ci a 2019, 2020, 2021, 2023, 2024 da 2025, sau 7 ke nan, daidai da abin da Erik De Vlaeminck na Beljik ya yi tsakanin 1966 da 1973. A sanyin 2023 zuwa 2024 ya shiga tsere 14, ya ci 13. A sanyin da ya biyo baya kuma duk tseren da ya shiga shi ya ci.

To ga abin da ke damuna. Mutum ya yi shekara yana wahalar da jikinsa, ya zo ya jeru da wanda ya san ya fi shi. Shin ya kamata ya bi shi, ko kuwa ya bar shi ya tafi, ya tsaya neman na biyu?

Masu cewa a bar shi ya tafi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. In ka ce sai ka riƙe gudun Van der Poel a kewaye biyu na farko, numfashinka zai ƙare, waɗanda sunka yi tattalin ƙarfinsu su zo su wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Ka rasa na ɗaya, ka rasa na biyu. Kuma matsayi a wanga wasa abinci ne. Da shi ake samun kuɗin kyauta, da shi ake samun makin hukumar tseren keke ta duniya, makin nan kuwa shi ke sa a jera ka a sahun gaba ranar tsere na gaba. Hanyar ƙunci gare ta, wanda ya tashi daga baya yana iya ɓata rabin ƙarfinsa wajen ratsa mutane. Mai iyali da ya lissafa wannan duka ya ce na biyu ya ishe shi, wallahi ba zan kira shi matsoraci ba.

Amma duk da haka ni ina ganin akwai abin da yake asara wanda lissafin bai nuna ba. Mu duba Wout van Aert, ɗan Beljik. Tsaran juna ne shi da Van der Poel, ƴan watanni ke tsakaninsu, tun suna yara suke karawa. Shi ya ci gasar duniya sau 3 a jere, 2016, 2017 da 2018, kuma duk ukun Van der Poel na cikin fili. A 2017, a ƙasar Luksambur, tayun Van der Poel sun yi ta facewa. A 2018, a Valkenburg, laka ta yi nauyi, ya ƙare na uku. A 2023, a Hoogerheide, su biyu sunka taho manne da juna har miƙewar ƙarshe, sannan Van der Poel ya tsere masa da ƙyar.

Tsere guda ɗin nan da Van der Poel ya rasa cikin 14 ma, a Benidorm ta ƙasar Sipaniya anka yi shi, cikin watan Janairu 2024. Ya bugi wani turke a gefen hanya ya faɗi, ya ƙare na biyar. Wa ya ci? Van Aert, wanda shi ma ya faɗi dab da ƙarshe, sirdin kekensa ya cire, ya ƙarasa haka nan ba wurin zama.

Wani zai ce ai sa'a ce. E, akwai sa'a a ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma fa ƙadangaren da ke jikin bangon shi ke shiga. Siklokuros wasa ne da taya ke facewa, sarƙa ta zame, ƙafa ta sulɓe, kuma gwani ma ba ya kuɓuta daga waɗannan. Wanda ya sallama tun kafin a tashi, ya bari tazarar minti guda ta shiga tsakani, ko gwanin ya faɗi zai tashi ya kakkaɓe ya ci gaba bai gan shi ba. Kullum muna cewa rabo ba ya wuce mai shi. Gaskiya ne, amma ban taɓa jin an ce rabo ya hana nema ba.

Akwai kuma haƙƙin shi gwanin da na ƴan kallo. Dubban mutane ke biyan kuɗi su tsaya cikin sanyi da laka. In kowa ya yarda an gama magana tun a kewayen farko, abin da sunka zo kallo mutum guda ne yana atisaye. Shi kansa Van der Poel, nasarar da aka fi tunawa da ita ita ce wadda ya sha wuya kafin ya samu, irin ta Hoogerheide. Van Aert ne ya sa mata daraja, don ya ƙi barin shi ya huta.

Abin mamaki, darasin yana cikin gidan Van der Poel ɗin. Kakansa na wajen uwa shi ne Raymond Poulidor, Bafaranshe, wanda ya yi zamani da Jacques Anquetil sannan da Eddy Merckx, manyan da sunka ci tseren zagayen Faransa sau 5 kowanensu. Poulidor ya zo na biyu sau 3, na uku sau 5, bai taɓa ci ba, bai ma taɓa sa rigar nan rawaya ta mai jagorancin tseren ko na yini guda ba. Har laƙabi anka yi masa na mai zuwa na biyu kullum. Amma mutanen Faransa sun so shi ƙwarai, don sun ga kowace shekara da niyyar ci yake dawowa. Ya rasu a 2019. A 2021 jikan nasa ya sa rigar, ya zauna a bakin hanya yana kuka.

Saboda haka ni ina bambanta mutum biyu. Akwai wanda ya zo na biyu bayan ya nemi na ɗaya, akwai wanda na biyun ya fito nema tun daga gida. A takardar sakamako lambarsu guda. Amma na farkon ya gano iyakar ƙarfinsa da kansa, shi kuwa ɗayan ji ya yi an faɗa masa, ya yarda.

Shin za a iya kayar da Van der Poel? A yawancin ranaku, a'a, kuma yaudarar kai ce a ce ba haka ba ne. Sai dai shekaru suna tafiya, samari irin su Thibau Nys, wanda ya zo na uku a gasar duniya ta 2025, suna tasowa. Ranar da ƙafar gwanin za ta fara nauyi, wanda ya saba bin sa kurkusa shi zai fara ganewa.

Ƴan uwa ɗalibai, mu ma kusan kowane aji akwai wanda an riga an san shi zai zo na ɗaya, kuma da yawa daga cikinmu sun daina ko tunanin kamo shi tun farkon shekara. Ban ce dole ka wuce shi ba. Amma kada ka rubuta wa kanka sakamako tun ba a raba takardar jarrabawa ba.