Ajiyar Kare: A Wuyan Wa Alhaki Yake Idan Mai Gida Ya Yi Tafiya?

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, tashoshin mota a Kontagora sukan cika da iyalai masu haramar tafiya gida domin bikin Kirsimati. Waɗansu sun nufi Zuru, waɗansu Rijau ko Yawuri, waɗansu kuma har Kaduna da Filato. An kulle ɗakuna, an kai kaji gidan 'yar'uwa, an miƙa wa maƙwabci mabuɗi. Sai ga kare tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya, direba kuwa ba zai ɗauke shi ba. A nan ne mai gida yakan waiwaya ya nemi wanda zai bar wa shi. Tambayar da nake so mu duba tare, 'yan'uwa, ita ce: in mutum ya ba da ajiyar karensa, ya sauke alhakinsa ke nan?

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya mun yi tafiyar mako biyu, na bar karenmu a hannun wani saurayi ɗan unguwarmu. Na ba shi ɗan kuɗin da ko tuwon mako guda ba zai saya ba, na ce masa, “Ka dai riƙa duba shi.” Ban faɗa masa cewa karen ba ya son a kusance shi sa'ad da yake cin abinci ba. Rigakafinsa ma ya wuce lokaci, ni kuwa ina ta cewa sai na dawo. Da muka komo, na tarar da shi ɗaure da gajeriyar sarƙa, haƙarƙarinsa a waje, kwanon ruwansa a bushe. Abin da ya fi wannan muni, ya ciji wata yarinya 'yar shekara shida da ta miƙa masa ƙanzo. Iyayenta sun nemi takardar rigakafi, babu. Suka yi ta zirga-zirgar asibiti ana yi mata allurai, muka tsare karen kwana 10 ana lura da shi, kowa zuciyarsa a tsinke. Allah ya kiyaye, yarinyar ta warke, yau ma ta zama uwa. A ranar na yi wa saurayin faɗa ƙwarai. Sai da dare ya yi, uwargida ta tambaye ni a hankali, “Baban yara, shi ne ya hana a yi wa karen allura?” Ban sami amsa ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan batu ba. A Amurka da Ingila ajiyar karnuka sana'a ce sosai. Ma'aikaci yakan kai karensa gidan reno da safe ya ɗauko shi da yamma, kamar yadda ake kai yaro makaranta, akwai kuma gidajen da kare ke kwana in mai shi ya yi doguwar tafiya. A Ingila, dokar da ta fara aiki a 2018 ta wajabta wa mai irin wannan sana'a ya sami lasisi daga ƙaramar hukuma, a zo a duba wurin kafin a ba shi. A Legas da Abuja ma akwai asibitocin dabbobi masu karɓar ajiyar kare a biya su. Mu a nan, gidan renonmu shi ne maƙwabci, ko maigadi, ko yaron gida. Na san waɗansu za su yi dariya su ce, mutane na fama da abin sawa a baka, wa ke ta kare? Gaskiya ne ba a fifita dabba a kan ɗan Adam, kuma mai kashe wa kare abin da ya hana marayan gidansa yana da abin tuba. Amma wanda ya kawo kwikwiyo gidansa domin gadi, ba wanda ya tilasta shi. Da hannunsa ya ɗaure shi, ya hana shi fita neman abin da zai ci. Daga ranar, cinsa da shansa sun hau wuyansa.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan magana ba. A Fitowa 22:10-13 an kafa doka musamman a kan mutumin da ya ba maƙwabcinsa ajiyar dabba. In ta mutu ko ta ji rauni ba wanda ya gani, mai ajiya zai rantse cewa ba shi da hannu, mai dabba kuma ya karɓa. In sace ta aka yi daga wurinsa, sai ya biya. In naman jeji ya yayyage ta, ya kawo abin da ya ragu domin shaida. A sura ta 21 kuma an bambanta san da ya yi tunkuyi ba zato da wanda an san halinsa tun dā, an gargaɗi mai shi, amma bai tsare shi ba. Na biyun nan, laifin yana kan mai san. Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamomin mai adalci. In muka haɗa waɗannan, za mu ga amanar tana da fuska uku: haƙƙin dabbar, haƙƙin mai ajiya, da haƙƙin maƙwabta waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Haƙƙin dabbar yana farawa ne daga zaɓen mai ajiya. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Je ka ga wurin da idonka. Akwai inuwa? Akwai ruwa a kowane lokaci? In yana da nasa karnuka, dubi jikinsu, ko kaska ta cika musu kunnuwa. Yadda ya riƙe nasa, haka zai riƙe naka. Kai karen sau biyu ko uku kafin ranar tafiya domin su saba da juna. Wanda yake tsoron kare, ko yaron da bai kai ya riƙe shi ba, kada a ɗora masa. Mu kuma tuna da yawa daga maƙwabtanmu Musulmi ba sa son kare ya shiga musu gida saboda sha'anin tsarki. Kunya tana iya sa mutum ya amsa da baki alhali zuciyarsa ba ta so, zaman lafiya da maƙwabci kuwa ya fi sauƙin tafiyarmu daraja.

Haƙƙin mai ajiya shi ne gaskiya da lada. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in karen yana cizo, ko yana bin kaji, ko yana tsallake katanga, faɗa masa. Bar masa abinci ko kuɗin da zai isa har da rara, da lambar wayarka, da ta likitan dabbobi. Ku yi magana tun da wuri a kan abin da za a yi in karen ya ɓata ko ya yi ɓarna, domin kada zumunci ya lalace daga baya. Shi ma mai ajiya ya sani, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ba zai iya ba, gara ya ce a'a tun farko.

Haƙƙin maƙwabta shi ne mafi nauyi, gama a nan ran mutum yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurar da ke tare shi, a ƙasarmu kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin karnuka. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Saboda haka kada kare ya tafi ajiya sai da takardar rigakafinsa. In kuwa tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran mai kare ya dawo.

Amsar tambayarmu ke nan, 'yan'uwa. Aikin ciyarwa da shayarwa ana iya miƙa shi ga wani na ɗan lokaci, amma alhakin yana biye da mai kare duk inda motar ta kai shi. 'Ya'yanmu kuma suna kallo. Yaron da ya ga mahaifinsa ya ɗaure kare a rana ya yi tafiyarsa, ya koyi yadda ake yi da wanda ba shi da bakin kai ƙara, wata rana kuwa tsoho ne ko mara lafiya zai kasance a hannunsa. Kafin mu sayi tikitin mota a bana, mu fara duba takardar rigakafi, mu je mu zauna da wanda za mu bar wa amana. Ubangiji ya ba mu aminci cikin ƙananan abubuwa, ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Amin.